Matuƙin jirgin bam da ya faɗa hannun maƙiya: labarin Phil Lamason da sojojin sama 168 na Buchenwald

Tambaya: Malam, na ji an ce a Yaƙin Duniya na Biyu akwai matuƙan jiragen bam da Jamusawa suka kama, amma maimakon a kai su inda ake tsare fursunonin yaƙi sai aka jefa su sansanin gwale-gwale. Da gaske ne? Kuma mutumin da ya yi ta zuba wa garuruwan mutane wuta daga sama, in ya faɗo hannunsu, wane haƙƙi yake da shi a kansu?

Amsa: Da gaske ne, ɗan'uwa. A watan Agustan 1944 an kai sojojin sama 168 na ƙasashen ƙawance, wato Birtaniya da Amurka da abokan yaƙinsu, sansanin Buchenwald, kusa da birnin Weimar a tsakiyar Jamus. Amurkawa 82 ne, 'yan Birtaniya 48, 'yan Kanada 26, 'yan Ostireliya 9, 'yan Niyu Zilan 2, da mutumin Jamaika guda. Ba dukansu ne matuƙa ba, akwai masu bindiga da masu duba taswira da injiniyoyi. Sun yi wata biyu a wurin, biyu suka rasu, sauran suka fita da ransu. Zan bi da kai ta rayuwar wanda ya shugabance su, Phil Lamason, domin tambayoyinka biyu duk suna cikin labarinsa.

An haife shi ranar 15 ga Satumban 1918 a Napier, wani gari na bakin teku a Niyu Zilan. Karatun kiwon tumaki ya yi a kwalejin noma ta Massey, ya kama aikin gwamnati na duba dabbobi, wato malamin dabbobi ne kafin yaƙi. A Satumban 1940 ya shiga rundunar sojan saman ƙasarsu, aka tura shi Ingila, inda 'yan Niyu Zilan da Kanada da Ostireliya suke tuƙi a ƙarƙashin rundunar saman Birtaniya. A 1942 yana tuƙa jirgin Stirling mai inji huɗu a runduna ta 218. A watan Afrilun shekarar suka kai hari Pilsen, a ƙasar Cek ta yanzu. A hanyar dawowa jirgin yaƙin Jamus ya far musu, ya lalata wuraren bindigoginsu, wuta ta kama a tsakiyar jirgin. Ya sa mutum biyu kashe wutar, shi kuma ya yi ta zille wa maharin har ya rabu da su, ya kai jirgin gida. A kan haka aka ba shi lambar yabo ta DFC. Daga baya ya koyar da sababbin matuƙa, sannan a farkon 1944 ya koma fagen fama da jirgin Lancaster a runduna ta 15, ya kai hare-hare har Berlin, aka ƙara masa lambar karo na biyu.

Sai ka san irin wannan aiki kafin ka gane mutumin. Lancaster tana ɗaukar mutum bakwai: matuƙi, injiniya, mai duba taswira, mai saita bam, mai rediyo, da masu bindiga biyu. Da daddare suke tashi, babu fitila, su yi awa shida ko takwas a cikin sanyin da ke daskarar da yatsu. Ƙa'ida ita ce mutum ya kai hari 30 sannan a ba shi hutu, in ya dawo ya ƙara 20. A cikin kusan mutum 125,000 da suka yi aiki a jiragen bam na Birtaniya, 55,573 sun mutu, kusan 10,000 kuma aka kama su. Ka ga wanda aka kama ma yana cikin masu sa'a, tunda duk mutum ɗaya da ya faɗa hannun Jamus da rai, fiye da biyar sun riga mu gidan gaskiya. A dare ɗaya tak, 30 ga Maris na 1944, jirage 795 suka nufi Nuremberg, 95 ba su dawo ba. Matuƙi kuwa yana cikin masu ƙarancin damar tsira, domin sai ya riƙe jirgin da ke ci da wuta ya daidaita shi har sauran su dira, sannan ya nemi ƙofar fita, wadda a Lancaster ƙarama ce ƙwarai ga mutum mai ɗauke da lemar sauka.

Abin da suke jefa wa bam kuma ba zan ɓoye maka ba. Tun Fabrairun 1942 umarnin da aka ba rundunar shi ne ta auna garuruwa sukutum, unguwannin ma'aikata da gidajensu, don a karya zuciyar mutanen Jamus, kuma shugabanta Arthur Harris ya bi wannan hanya da gaske. A Hamburg kaɗai, a Yulin 1943, kusan mutum 40,000 suka ƙone. Fararen hular Jamus da bama-baman ƙawance suka kashe a tsawon yaƙin sun haura 350,000. Lamason yana cikin masu wannan aiki. Duk wanda zai ba ka labarinsa ya tsallake wannan bai yi maka adalci ba.

Harinsa na 45 ya faɗo a daren 7 wayewar 8 ga Yunin 1944, kwana biyu bayan sojojin ƙawance sun sauka a gaɓar Normandy ta arewacin Faransa. An tura su su ragargaza filin haɗa taragan jirgin ƙasa na Massy-Palaiseau, kudu da Paris, don kada Jamus ta samu hanyar kai ɗauki bakin daga. Jirgin yaƙin dare ya harbo su. Ba duka mutanensa suka fita da rai ba. Shi da mai duba masa taswira, wani Bature ɗan Ingila mai suna Ken Chapman, suka sauka da lema, 'yan gwagwarmayar Faransa suka tsince su, suka yi ta ɓoye su daga wannan gida zuwa wancan har mako bakwai. Abin da ke taɓa ni a nan shi ne, bama-baman ƙawance sun kashe Faransawa fararen hula fiye da 50,000 a yaƙin, da yawansu a irin waɗannan hare-hare na layin dogo, amma duk da haka manoma da malaman makaranta da matan aure suka riƙa buɗe wa matuƙan ƙofa, alhali sun san hukuncin wanda aka kama da baƙo irin wannan shi ne harbi ko sansanin gwale-gwale.

A nan ne shari'a ta shigo. Yarjejeniyar Geneva ta 1929, wadda Jamus da Birtaniya da Amurka duk suka rattaba wa hannu, ta ce sojan da aka kama ba mai laifi ba ne. Ana tsare shi ne don kada ya koma yaƙi. Ba a tilasta masa faɗin komai ban da sunansa da muƙaminsa ko lambarsa, ba a dukansa, ba a baje shi a gaban jama'a don a wulaƙanta shi, ba a rama laifin ƙasarsa a kansa. Hafsa ba a sa shi aiki dole, ƙaramin soja kuma ba a sa shi aikin da ya shafi ƙera makamai. Dole a sanar da Red Cross sunansa. A Jamus, sojan sama da aka kama yana hannun rundunar samansu, Luftwaffe: a fara kai shi Oberursel kusa da Frankfurt a yi masa tambayoyi, sannan a wuce da shi sansanin fursunoni. Haka aka yi da mafi yawansu, kuma mafi yawansu sun ga ƙarshen yaƙi.

Amma duk wannan kariya ta rataya ne a kan a yarda cewa kai soja ne. Mai gudun ɓuya ba zai yi yawo a titin Paris da kakin sojan Ingila ba. Dole ya tuɓe, ya sa rigar farar hula, ya riƙe takardar shaida ta jabu, wasu har su yar da ƙarfen wuyansu mai ɗauke da suna da lamba. Gaba kura, baya sayaki: in ya bar kaki a jikinsa a kama shi yau, in ya cire kuma aka kama shi gobe, Gestapo, 'yan sandan asirin Jamus, ta ce ɗan leƙen asiri ne. A shari'a wannan ƙarya ce, domin mai neman hanyar gida ba mai tattara bayanan sirri ba ne, kuma ko ɗan leƙen asirin na gaske, dokar Hague ta 1907 ta hana a hukunta shi ba tare da an gurfanar da shi ba. Sai dai a lokacin gwamnatin Nazi ta riga ta sauya wa matuƙan suna, tana kiransu Terrorflieger, 'yan ta'addar sama. Tun Agustan 1943 Himmler, shugaban 'yan sandan Jamus, ya umarci 'yan sanda kada su shiga tsakani in jama'ar gari suka tare matuƙin da ya faɗo, a Mayun 1944 kuma Goebbels, ministan farfagandar Hitler, ya rubuta a jarida yana zuga mutane a fili. Ranar 26 ga Agustan 1944 mutanen garin Rüsselsheim na Jamus suka yi wa sojojin saman Amurka shida dukan kawo wuƙa a kan titi, aka ƙarasa wasunsu da bindiga, duk suka mutu.

Lamason da Chapman suna neman hanyar Sifaniya ne ta hannun ƙungiyar ɓoye da ake kira Comet, wadda wata budurwa 'yar Beljiyam, Andrée de Jongh, ta kafa a 1941 don tsallakar da matuƙa ta duwatsun Pyrenees da ke tsakanin Faransa da Sifaniya. Wani maci amana mai suna Jacques Desoubrie ya riga ya kutsa cikin irin waɗannan ƙungiyoyi, yana karɓar matuƙa da sunan zai kai su gaba, ya miƙa su ga Gestapo a kan faran 10,000 na kuɗin Faransa kowane kai. Da yawa cikin mutum 168 ɗin ta hannunsa suka bi. Aka yi wa Lamason tambayoyi, aka kulle shi a kurkukun Fresnes, kudu da Paris.

Ranar 15 ga Agusta, sojojin ƙawance na dab da birnin, aka kwashe fursunoni fiye da 2,000, maza da mata, aka loda su a taragan dabbobi. Tarago da aka yi don mutum 40 ko doki 8 aka cusa wa mutum 80 zuwa 90, da bokiti ɗaya na ruwa da ɗaya na bayan gida, a tsakiyar zafin bazarar Turai. Jakadan Suwidin a Paris, Raoul Nordling, ya samu yarjejeniyar sakin fursunonin siyasa, ya yi ƙoƙarin a tsayar da jirgin, 'yan SS, dakarun jam'iyyar Nazi masu kula da sansanonin gwale-gwale, suka ƙi. A wani wuri an rushe gadar kogin Marne, aka sauke su suka taka da ƙafa zuwa wani jirgin. Kwana biyar suka yi a hanya. Matan aka wuce da su sansanin Ravensbrück, mazan aka sauke su a Buchenwald ranar 20 ga wata. Kwana biyar bayan haka aka 'yantar da Paris.

Buchenwald ba wurin soja ba ne ko kaɗan. SS ce ta gina shi a 1937, kusan mutum 280,000 suka bi ta cikinsa da rassansa, wajen 56,000 suka mutu. Sojojin saman sun sauka cikin haushin karnuka da gindin bindiga. Aka tuɓe su, aka aske musu gashin jiki duka, aka shafa musu wani magani mai raɗaɗi, aka ba su tsummokara, ba takalmi. Aka kai su ɓangaren da ake kira Ƙaramin Sansani, inda ake zubar da waɗanda ba a damu ko sun kwana da rai ba, suka yi mako uku suna kwana a fili a kan duwatsu. Abinci ɗan burodi ne da romo tsararo. Ƙwarƙwata da atuni da gyambon ƙafa suka kama su. Daga baya aka tura su bariki mai lamba 58, cikin ɗaruruwan 'yan ƙabilar Roma da ake kira Gypsy, har da yara. An buga wa takardunsu hatimin cewa kada a mayar da su wani sansani. Babu wanda ya sanar da Red Cross. A gida, iyalansu sun san dai sun ɓace a sama, shi ke nan.

Lamason yana da muƙamin Skwadron Lida, daidai da Manjo a sojan ƙasa, kuma shi ne babba a cikinsu, ko da yake shekararsa 25 kacal, a cikin sansanin ya cika 26. Abin da ya fara yi shi ne tara su ya gaya musu cewa su sojoji ne kuma a haka za su zauna. Ya raba su bisa ƙasashensu, ya naɗa wa kowane rukuni shugaba. Ya sa masu gadi dare da rana a kan 'yan komatsansu, domin a wurin da yunwa ta kai haka sata ba ta da wuya. Ya sa a raba abinci daidai, a kula da marasa lafiya. In za a tafi filin ƙirga fursunoni, inda ake tsayuwar awanni safe da yamma, sai su jeru su yi maci, ƙafa babu takalmi, kai a aske, abin da ya riƙa ƙona wa masu gadi rai.

Mai kallo daga nesa zai iya cewa wannan taurin kan soja ne kawai. Ni a wurina shi ne mafi hikimar abin da aka yi a labarin nan. An tsara sansanin gwale-gwale ne don ya wargaza jama'a su koma ɗaiɗai, kowa na fama da cikinsa, ta yadda in an ɗauke mutum da dare babu mai tambaya. Hujja ɗaya tilo da mutanen nan suke da ita a duniya ita ce su sojoji ne da aka tsare ba bisa ƙa'ida ba, kuma ba su da kaki, ba su da takarda. Abin da ya rage musu na shaida shi ne halinsu. Da sun narke cikin dubban fursunoni, ko wani ya zo nemansu ba zai same su a dunƙule ba. Macin nan da tsarin nan su suka sa duk wanda ya kalle su ya san akwai wata runduna a wurin da bai kamata a ce tana wurin ba.

Ranar 24 ga Agusta jiragen Amurka suka yi ruwan bama-bamai a masana'antun makamai da ke jikin sansanin. Ɗaruruwan fursunoni suka mutu, da 'yan SS da iyalansu. Matuƙan suka kwanta a ƙasa suna jin abin da suka saba aikawa daga sama, sannan aka kora su kashe gobara da kwasar baraguzai, ƙafafunsu na tsagewa. Sun yi tsammanin a ranar za a huce a kansu. Bayan haka hukumar sansanin ta nemi a sa su aikin masana'anta kamar sauran fursunoni. Lamason ya tsaya gaban hafsan SS ya ce mutanensa sojoji ne, ba za su taɓa aikin makaman Jamus ba. Shi da kansa ya ɗauka harbe shi za a yi a nan take, amma hafsan ya janye. Ya yi ta neman ganin hukumar sansanin, wadda Hermann Pister ke shugabanta, yana nanata a mayar da su hannun Luftwaffe, ana watsi da shi.

Bai jahilci abin da ke jiransu ba. 'Yan kwanaki kafin isowarsu an kawo wasu jami'an asiri 37 na ƙawance da aka kama a Faransa. A cikin Satumba aka kira 16 daga cikinsu, aka rataye su a ƙugiyoyin bangon ɗakin da ke ƙarƙashin wurin ƙona gawa. A Oktoba aka harbe wasu. Uku, wato Forest Yeo-Thomas da Harry Peulevé da Stéphane Hessel, sun tsira ne ta hanyar ɗaukar sunayen fursunonin da zazzaɓin taifus ya kashe. Lamason ya ƙulla hulɗa da Yeo-Thomas da wani jami'in Birtaniya, Christopher Burney, wanda ya daɗe a sansanin, da kuma ƙungiyar ɓoye ta fursunoni masu aiki a ofisoshi, waɗanda ke ganin takardu kafin kowa. Ta nan ya ji cewa an sa ranar kashe su a ƙarshen Oktoba. Bai gaya wa mutanensa ba, sai shekaru masu yawa bayan yaƙi. Za a iya yi masa gardama a kan haka, tunda rai nasu ne. Amma mutum 168 marasa makami da yunwa ta cinye, in suka ji wannan labari, ko su yi yunƙurin da zai ba SS dalilin bindige su a ranar, ko su karaya. Ina ganin ya zaɓi daidai, kuma ya ɗauki nauyin shi kaɗai.

Dabarar da ta yi aiki ita ce kai ƙara wurin maƙiyi. Aka rubuta takarda da Jamusanci, wani fursuna ɗan Rasha da ake kaiwa aiki filin jiragen Nohra, kusa da sansanin, ya fitar da ita ya miƙa wa sojojin Luftwaffe. Hafsoshinsu suka zo da sunan duba ɓarnar harin bam. Bisa abin da fursunonin suka bayar, a cikin masu ziyarar har da Hannes Trautloft, shahararren matuƙin jirgin yaƙi, kuma wani Ba'amurke mai jin Jamusanci ya yi masa magana ta bayan waya. Rahoto ya hau sama har ofishin Göring, shugaban Luftwaffe. Ranar 19 ga Oktoban 1944, mako guda kafin ranar da aka ce za a kashe su, aka fitar da 156 zuwa Stalag Luft III, sansanin fursunonin yaƙi na Luftwaffe da ke garin Sagan. Goma da ciwo ya kwantar aka biyo da su daga baya. Philip Hemmens ɗan Birtaniya da Levitt Beck Ba'amurke cuta ta kashe su a Buchenwald.

Kada ka ɗauka tausayi zalla ne ya motsa Luftwaffe. Dubban sojojin saman Jamus suna tsare a Ingila da Kanada da Amurka, kuma abin da ka yi wa ɗan wani shi za a yi wa naka. Akwai kuma kishi tsakaninsu da SS a kan wa ke da iko da fursunonin sama. Wata bakwai kafin nan, a Maris na 1944, mutum 76 suka tsere daga wannan Stalag Luft III ɗin ta ramin ƙarƙashin ƙasa, aka kamo 73, Gestapo ta harbe 50 bisa umarnin Hitler, Luftwaffe ba ta hana ba.

Kuma ba kowa ne irin tsayuwar Lamason ta cece shi ba. Ranar 7 ga Yunin 1940, a garin Airaines na Faransa, Kyaftin Charles N'Tchoréré, mutumin Gabon da ke jagorantar sojojin Faransa, ya miƙa wuya bayan harsashi ya ƙare musu. Jamusawa suka ware baƙaƙe daga farare. Ya ce shi hafsa ne, a bar shi cikin hafsoshi kamar yadda doka ta ce. Suka harbe shi a wurin. A makonnin nan sojojin Jamus sun kashe baƙaƙen sojojin Faransa da ake ƙiyastawa tsakanin 1,500 da 3,000 bayan sun ajiye makami, kuma waɗannan dakaru daga duk Afirka ta Yamma ta Faransa aka ɗebo su, har da ƙasar Nijar. Sojojin Tarayyar Sobiyet kuwa, cikin kusan miliyan 5.7 da Jamus ta kama, wajen miliyan 3.3 suka mutu, fiye da 8,000 a Buchenwald ɗin nan aka harbe su a ƙeya. Na Birtaniya da Amurka ba su kai kashi 5 cikin ɗari da suka mutu a tsare ba. Magana ɗaya N'Tchoréré da Lamason suka faɗa, kuma dukansu suna da gaskiya. Bambancin shi ne ɗaya Bature ne wanda ƙasarsa ke riƙe da 'ya'yan Jamus, ɗayan kuma aƙidar Nazi ba ta lissafa shi cikin mutane.

Sauran zaman Lamason irin na kowane fursunan sama ne. A Sagan, wanda yanzu ke cikin Foland, suka samu gado da kunshin abincin Red Cross da damar rubuta wasiƙa gida. A daren 27 ga Janairun 1945, da sojojin Sobiyet suka matso, aka kora fursunoni wajen 10,000 cikin dusar ƙanƙara, tafiyar kusan kilomita 80 zuwa Spremberg. Shi aka kai shi Luckenwalde, kudu da Berlin, inda Rashawa suka iso a ƙarshen Afrilu.

Game da tambayarka ta biyu, na fahimci zafin da ke cikinta. Uwar da ta tono ɗanta daga baraguzai ba za ka karanta mata yarjejeniyar Geneva ba. Amma amsata ita ce yana da cikakken haƙƙin fursunan yaƙi, kuma haka ya kamata. Da zarar ya rabu da jirginsa ya daina zama barazana. In ana zarginsa da laifin yaƙi, hanyar ita ce kotu, da shaida, da damar kare kai, kuma babban alhakin ƙona birane yana wuyan waɗanda suka tsara manufar a Landan. Kashe shi a titi bai taɓa hana jirgi ɗaya tashi washegari ba. Mun ga irin wannan a zamaninmu, lokacin da 'yan ISIS suka kama matuƙin Jordan, Mu'az al-Kasasbeh, kusa da Raqqa a Disambar 2014 suka ƙona shi a keji, malaman Musulunci a ko'ina suka yi tir da abin, domin hukuncin kyautata wa kamammen yaƙi sananne ne tun fursunonin Badar.

Doka ma ta koyi darasi daga ɓangarorin biyu. Yarjejeniyar Geneva ta uku ta 1949 ta ce in ana shakkar matsayin wanda aka kama, a ɗauke shi fursunan yaƙi har sai kotun da ta cancanta ta yanke, wato ta toshe ƙofar da Gestapo ta bi. Ƙarin yarjejeniya ta 1977 ta hana harbin wanda ke saukowa da lema daga jirgin da ya lalace, ta ce a ba shi damar miƙa wuya. Ita ɗin ce kuma ta haramta ɗaukar gari sukutum a matsayin abin hari guda, wato irin aikin da aka tura su Lamason yi a Berlin.

Bayan yaƙi an zaɓe shi cikin waɗanda za su tafi yaƙin Japan, sai Japan ta miƙa wuya kafin su tashi. Ya koma gida a 1945, ya ajiye kaki, ya kama gona kusa da garin Dannevirke, a nan ya ƙare rayuwarsa. Desoubrie an yanke masa hukuncin kisa a Faransa, aka harbe shi a Disambar 1949. Pister kotun sojan Amurka ta yanke masa rataya a 1947, ciwon zuciya ya kashe shi a kurkuku a 1948 kafin a zartar. Su kuwa matuƙan, da yawansu da suka ce sun zauna a Buchenwald ba a yarda da su ba, har a ofisoshin tsofaffin sojoji na ƙasashensu, saboda takardun hukuma sun nuna Stalag Luft III kawai. Ƙungiyar da suka kafa tun suna cikin sansanin, KLB Club, ita ta riƙe sunaye da lambobin kowa, kuma da su aka yi ta fafutuka shekara da shekaru har gwamnatoci suka amsa. Lamason ya rasu ranar 19 ga Mayun 2012, yana da shekara 93.